Ranar da Na Ga Alhaji a Silima

Na haura shekara hamsin ban taɓa shiga gidan silima ba, kuma da na tashi shiga, ba fim ɗin Indiya ko na Hausa na je kallo ba. Da kuɗina na je na zauna ina kallon wani tsohon Bature yana kaɗa jita yana ihu. Da wani ya faɗa mini haka ina budurwa a Zariya, da na ce ya je a yi masa ruƙiyya. Amma uwa babu inda ba ta shiga, ni kuwa a lokacin shekara biyu ke nan ban sa 'yata a ido ba.

Ita ce 'yar farinmu, a nan garin Greensboro na Amurka aka haife ta. Kamar yadda aka rene mu, ban taɓa kiran sunanta ba. "Ke" nake ce mata, in ina maganarta da wani in ce "yarinyar nan". Alhaji, maigidana, shi ma haka. Tun tana ƙarama abin yake ci mata rai. Ta taɓa dawowa daga makaranta ta tsare ni da Turanci, wai ko na manta sunanta ne, tunda na ƙannenta har waƙa nake yi da su. Na ce ta wuce ta wanke hannu ta ci abinci. Ban iya yi mata bayanin cewa kunyar ɗan fari ce ba, kuma a wurinmu wanda ake kawar wa da kai a gaban mutane, sau da yawa shi ne a zuci.

Rigimar ta taso ne da ta gama jami'a ta samu aiki a wani birni, Charlotte, ta ce za ta kama ɗaki a can. Alhaji ya ce a gidansu mace ba ta barin gidan uba sai zuwa gidan miji. Aka yi wata guda ana ja, har ranar Babbar Sallah, falon gidanmu na unguwar McLeansville cike da baƙi, maganar ta sake tashi. Yarinyar nan, da yake bakina ta ɗauko, ta mayar masa da amsa da Turanci a gaban dattawa. Na ga fuskarsa ta canja. Ya miƙe tsaye ya ce, "Wallahi tallahi, in kika fita daga gidan nan, ba zan ƙara yi miki magana ba, ba zan ƙara zama inda kike ba." Sannan ya juyo kaina. "Ke kuma ban yarda ki taka inda take ba." Kafin sati ya zagayo ta kwashe kayanta.

Waya kam ina yi mata, a cikin mota in na tashi daga aiki, don bai hana waya ba, ni kuma ban tuna masa ba. Amma ban taɓa yarda mun yi wayar bidiyo ba. Na san kaina. Ranar da na ga fuskarta, sai dai a tsince ni a kan hanyar Charlotte. Na roƙe shi, na turo masa manya, na yi fushi na daina magana, na yi kuka. Amsarsa ɗaya ce, ya rantse da Allah a gaban mutane, kuma shi ba yaro ba ne. In na matsa sai ya ƙara taurarewa, kamar tuwon da ya kwana a firij.

A gidan kula da tsofaffi nake aiki. Akwai wata abokiyar aikina 'yar Jos, Kirista, da muke ce wa Anti, mun fi shekara goma muna juya tsofaffi tare. Wata Laraba da rani muna hutun rana, ta jawo kujera kusa da ni ta rage murya.

"Hajiya, zan faɗa miki magana, amma kar ki yi mini irin halin nan naki."

"Wane halin?"

"Na tashi tsaye kafin a gama magana. Jiya maigidana ya ja ni silima, mu da wasu 'yan cocinmu. Fim ɗin wasan wani tsohon mawaƙi ne, irin masu jita ɗin nan, an ɗauka a Charlotte bara. To, suna nuna jama'a, sai na ga Alhajinki."

Na yi dariya har na ƙware. Na ce, "Anti, ki canja gilashi. Mutumin da ko a biki aka sa kiɗa yake fita waje?"

"Ba shi kaɗai ba ne," in ji ta. "In dai idona bai yaudare ni ba, 'yarki ce a gefensa."

Na daina dariya. Na tambaye ta sunan mawaƙin, ta faɗa, gabana ya faɗi. Na san sunan nan. Tun Alhaji yana saurayi yana aikin masaƙa a Kaduna yake da kasakasan mutumin, da su ya zo Amurka. Lokacin da yake tuƙin tasi, su yake sawa in zai kai yarinyar nan makaranta, tana kujerar baya tana bi da bakin da bai gama iya magana ba. Sai da ya dawo daga Makka ya tsayar da gemu aka sa shi cikin dattawan masallaci, sannan ya tattara su a kwali ya kai gareji. Bai dai zubar ba.

"Su waye suka gani?" na ce.

"Duk wanda ya san shi ya gani. Na ce musu su yi shiru, amma kin san mutanenmu. Ku da mu shago ɗaya muke sayen daddawa."

Wannan shi ya fi tayar mini da hankali. In gaskiya ne, to rantsuwar nan ta karye, ƙofa ta buɗe mini. Amma in maganar ta riga ni isa wurinsa, in a harabar masallaci wani ya tare shi da murmushi ya ce, "Alhaji, ashe an shirya," na san abin da zai biyo baya. Mutum ne da zai gwammace ya sake wata rantsuwar da ta fi ta farko a kan a ce an kama shi. In kuma Anti kuskure ta yi na je na tunkare shi, na tono wuta da hannuna. Ga shi jibi Juma'a.

Da yamma na zuba masa tuwo na zauna ina kallonsa. Yana cin abincinsa a natse, yana ba ni labarin wata mota da ya saya a gwanjo zai tura Kwatano, don sana'arsa ke nan yanzu. Na yi ta duba fuskar nan ko zan ga wata alama, ban ga komai ba sai miyar kuka a gefen gemu. Ya ɗago ya ce, "Lafiya kike kallona haka?" Na ce gishirin nake son in ji ko ya ji.

Washegari na roƙi Anti ta riƙe mini aikina, na kama hanyar cikin gari. Na zaɓi nunin tsakar rana, ina ganin lokacin ne ba zan haɗu da idon sani ba. Duk da haka sai da na zagaya wurin ajiye motoci ina duba ko akwai motar da na sani, na ja hijabina har gira kamar mai zuwa wurin boka. Yarinyar da ke sayar da tikiti ta maimaita mini sunan fim ɗin sau biyu, ko ta ɗauka ɓatan kai na yi. Na ce mata shi ɗin dai.

Ɗakin da sanyi, da duhu, da ƙamshin gugguru. 'Yan kallon duk tsofaffin Turawa ne, miji da mata, wasu da sanda, wasu sanye da rigar da ke ɗauke da hoton mawaƙin tun yana da ƙuruciya. Na zauna can tsakiya inda zan ga allon sosai, na rungume jakata. Matar da ke kusa da ni ta miƙo mini guggurunta, na ce na gode.

Sai fim ya fara, ƙarar ta doke ni a ƙirji. Jama'a maƙil kamar filin Idi, fitilu suna yawo a kansu, kowa ya ɗaga hannu yana kururuwa. Can sai ga tsohon ya fito daga duhu, siriri, cikin baƙar riga, furfura ɗaure a ƙeya. Su suna ganin gwarzonsu, ni kuwa idon aikina ne ya fara aiki. Na ga yana jingina nauyinsa a ƙafar dama, na ce wannan an yi masa aiki a ƙugu. Na ga kujerar da aka ajiye masa a gefe kamar ba da gangan ba. Na ga yadda samarin da ke yi masa kiɗa suke satar kallonsa duk sanda ya matso bakin dandamali, irin kallon da muke yi wa tsohon da ya ƙi yarda da sandar tafiya. Da aka nuno hannunsa kusa, gaɓoɓin yatsun duk sun kumbura. Na ce a raina, bawan Allah, me ka rasa, ka je ka zauna ka yi wasa da jikoki mana.

Amma da ya ɗora yatsun nan a kan jita, sai na daina ba shi shawara. Ban san kiɗansu ba, ba kuma zan ce ya yi mini daɗi ba, amma na san mutumin da ke yin abin da ya iya. Muryar ta dushe, in ya zo inda take hawa sai ya miƙa wa jama'a makirufo su ƙarasa masa. Tsofaffin da ke zaune tare da ni su ma suka ɗauka, har da tafi, suna tafa wa allo.

Ni dai ba wannan ya kawo ni ba. Duk sanda aka juya kan jama'a sai in miƙe wuya, amma mai ɗaukar hoton nan kamar ana korar sa. Kafin in tantance fuska ɗaya ya koma kan mai ganga. Na tsine masa a zuci ban san iyaka ba, Allah ya yafe mini. Baƙar fata ba su da yawa a taron, don haka duk wanda ya gifta sai zuciyata ta buga. Wani mai gemu ya wuce, na rabu da kujera, ashe wani ƙato ne mai ɗankunne. Wata yarinya mai gilashi ta wuce, ba ita ba. Idona ya fara ruwa don rashin ƙiftawa, ga fitsari ya matse ni, amma ina tsoron in fita su wuce a bayana.

Aka yi waƙa bayan waƙa. Wasu na gane su, na tasi ne, har na ji ƙanshin motar nan da muryar yarinyar a kujerar baya. Tsohon ya jiƙe da gumi, ya zauna a kujerar da na ce, ya sha ruwa, ya yi ta ba su labarin abokan kiɗansa da suka riga shi tafiya. Lokacin Azahar ya shiga ina zaune. Daga nan ya miƙe ya ɗaga musu hannu, ya shige duhu, fitilu suka mutu. Na ce shi ke nan, Anti gizo idonta ya yi mata. Na rasa abin da zan ji. Wani sashe na zuciyata ya ce alhamdu lillahi, mijina ba maƙaryaci ba ne. Ɗaya sashen kuwa ya ce, to sai ki koma ki ci gaba da jira har ki mutu.

Na fara laluben takalmina, sai matar gefena ta dafa ni ta ce bai ƙare ba, zai dawo. Ashe haka suke yi, sai an roƙe su. Jama'a suka yi ta buga ƙafa, tsohon ya dawo shi kaɗai da jita. Ya ce wannan ta 'yarsa ce, wadda ta girma yana yawon duniya bai gani ba. Ya fara a hankali, daga baya sauran makaɗan suka shigo, ƙarar ta cika ko'ina. A nan ne mai ɗaukar hoton, wanda tun ɗazu yake gudu, ya ga dama ya tsaya.

Alhaji ne. Ba hula zanna, ba babbar riga. Hular hana-salla ce a kansa, da jaket ɗin zuwa gwanjo wadda ni nake wanke masa. Bakinsa yana bin waƙar kalma bayan kalma, mutumin da ke cewa Turancin yaran nan ciwon kai yake sa shi. Hawaye yana bin gemunsa bai ko share ba. A gefensa ga yarinyar nan, ta rame, ta sa wani gilashin da ban san ta da shi ba, ɗankwalinta ya zame baya. Ya ɗora hannu a kanta ya jawo ta jikinsa. Sannan ya sunkuya, na ga bakinsa ya haɗa sunanta. Ba a ji ba, ƙarar ta rufe, amma sunan da aka raɗa mata a kunne ina kwance ina ji, ba zan kasa gane shi a baki ba. Ya faɗa, ya sake faɗa. Ta kifa kai a kafaɗarsa.

Suka wuce kamar ƙiftawar ido, aka koma kan tsohon. Ban san na yi ƙara ba sai da matar nan ta tambaye ni ko lafiya. Na ce mata mijina ne da 'yata. Ta dafe ƙirji ta ce abin ya yi kyau ƙwarai, lallai ina alfahari da su. Na ce mata ƙwarai kuwa.

Na fito na zauna a mota. Farin ciki ne ya fara zuwa, bai daɗe ba fushi ya ture shi. Sai abubuwa suka riƙa dawo mini. Bara, akwai tafiyar da ya yi Charlotte wai gwanjo, ya dawo ba mota, murya a shaƙe, ya ce mura ce, har na dafa masa citta da kanumfari. Bayan nan ya tashi da azumi kwana uku a jere, ba Litinin ba, ba Alhamis ba, ba tsakiyar wata ba. Ni baiwar Allah na riƙa tashi ina yi masa sahur, har ina yi wa Anti alfahari da ibadar mijina. Ashe kaffarar rantsuwa yake yi, da kunun hannuna.

Na kira yarinyar nan. Tana ɗauka na ce, "Ke, ashe kin iya riƙe sirri haka? Daga silima nake."

Ta ce, "Mama, he made me promise," wato shi ya sa ta yi masa alkawari. Ta ce shi ya sayi tikitin, ya zo ƙofar ofishinsu ya tsaya ba sanarwa. Da aka tashi ya mayar da ita gida, ya ce kar ta faɗa wa kowa, ko ni. Tun ranar bai ƙara kira ba, in ta kira ba ya ɗauka. Ta fara kuka. "Don Allah, Mama, kar ki yi masa maganar. In ya san kin sani, shi ke nan, ko wannan ɗin ma zai ce ba a yi ba."

Na ce ta share hawayenta ta koma bakin aikinta. Ban yi mata alkawarin komai ba.

Na yi sallata a gefen mota, na biya shagon da muke sayen kayan gida na ɗebi kaji da shinkafa da robobin zuba abinci. Ina kan layin biya sai ga wata Hajiya ta unguwar Sedgefield, wadda labari ba ya kwana a bakinta. Muka gaisa, ta riƙe hannuna ta ƙi saki.

"Ina Alhaji? Kwana biyu. Ai an ce mana yanzu sai a talabijin ake ganinsa."

"Yana nan lafiya, Hajiya. Zai ji."

Ta yi wani murmushi, ta leƙa kwandona ta ce ko baƙi zan yi. Na ce mutum goma. Na fito da sauri, don na tabbata gobe kafin liman ya hau mumbari maganar ta gama sahu.

Ina isa gida na shiga gareji na jawo babbar tukunyar da ba ta fitowa sai suna ko Sallah. Tana kusa da kwalin kasakasan nan, na lura ba ƙura a kansa. Na ɗora dafa-duka, na soya kaji, na jera robobi goma a kan teburin kicin. Duk ƙarar mota da na ji a titi sai in leƙa taga. Na shirya maganganu iri-iri, masu zafi da masu sanyi, na zubar. Abu ɗaya na sani, in na fara da "ka yi mini ƙarya", na rasa 'yata.

Bayan La'asar ya shigo da sallama. Ya tsaya a ƙofar kicin ya dubi tukunya, ya dubi robobi.

"Wa ya haihu?"

"Ba wanda ya haihu, Alhaji. Abincin miskinai goma ne."

"Sadaka za ki yi?"

"Kai za ka yi. Ni dafawa ce tawa." Na ci gaba da zubawa ban dube shi ba. "Yau na je silima. Hana-salla ta yi maka kyau."

Na ɗago, na ga fuskar nan ta ranar Sallah tana haɗuwa, jijiyar goshinsa ta tashi. Na ce a zuci, ya Allah ka riƙe harshensa, kar ya ce wallahi.

"Wa ya ba ki izinin zuwa irin wurin nan?" in ji shi.

"Ban nema ba. Na ga dattijon masallaci a ciki, na ce ashe wurin mutunci ne."

Na ciji harshena, amma ta riga ta fita. Ya cire hularsa ya mayar. Da ya yi magana, muryar ta yi ƙasa.

"Na yi kaffarata. Na yi azumi. Tsakanina da Ubangijina ne."

"Alhaji, ka fi ni karatu. Azumi na wanda ba shi da halin ciyarwa ne. Mai motoci a tsakar gida yana jiran jirgin ruwa, ciyarwa ce a kansa. Ka zaɓi azumi ne don shi ana ɓoye shi, tukunya kuwa sai an biyo ta hannuna." Na ajiye ludayin. "Rantsuwar nan ta mutu tun bara. Kai ka san ta mutu, ka je ka ga 'yarka, ka dafa kanta. Ni ka bar ni ina gadin gawa shekara guda. Ni ma fa haihuwarta na yi."

Ya dubi ƙasa. "Mutane za su ce na yi amai na lashe."

"Mutane sun riga sun gani. A shago aka tare ni da maganar yau. Gobe ko dai su same ka a matsayin wanda aka kama, ko su same ka uban da ya je ya ɗauko 'yarsa. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, kai kake faɗa wa mutane haka in an kira ka sulhu."

Ya juya ya ɗauki makullinsa a kan tebur ya fita, ƙofar ta bugu. Na ji ya tayar da mota. Na dafa bakin tukunya, ban ko ji zafinta ba, na ce shi ke nan, na ɓata, yarinyar nan ta roƙe ni na ƙi ji. Na ji motar ta ja baya. Sai kuma na ji ƙarar tana matsowa maimakon ta yi nisa, tana taka ciyawar da ya hana kowa takawa. Na leƙa taga, na ga ya kawo bayanta daidai ƙofar kicin ya buɗe but.

Muka jera robobin a but. Muka shiga cikin gari, wajen gadar da marasa gida suke fakewa. Na zauna a mota, shi ya fita da babbar rigarsa yana miƙa musu ɗaya bayan ɗaya da hannu biyu. Wani ya tambaye shi ko bikin wani abu ake yi, na ji ya ce masa laifi ya yi yake gyarawa. Da ya dawo ya zauna ya tayar da mota. A mahaɗar da za mu juya gida, sai ya sa sigina ya hau babbar hanyar kudu.

"Kira yarinyar nan," ya ce, idonsa a kan titi. "Ki ce kar ta fita."

Rana ba ta faɗi ba muka isa, da yake rani ne, lokacin da rana take daɗewa a ƙasar nan. Bene ne, ɗakinta a hawa na biyu. Duk hanya ina tanadin faɗan da zan yi musu su biyun, na munafuncin da suka haɗa mini. Alhaji ya tsaya a bayana a kan matakala yana gyaran hula, kamar ba shi ya san hanya ba. Na ƙwanƙwasa. Ta buɗe, da gilashin nan, da ramar nan, ta dube ni ta dube shi, ta kasa gaisuwa.

Faɗan ya ɓace mini. Wurin tsit yake, ba jita, ba ganga, ba taron da zai rufe mini murya, ga kuma ubanta tsaye yana ji. Na buɗe baki na kira ta da sunanta.